Littafin aikin makewayin jirgin Kawu a kogin Isa, wato kogin Neja

9 ga Nuwamba, 2024

Yau muka ciro tiyon da ke kai ƙazanta daga makewayin jirgi zuwa tanki. Jirgin na Kawu ne, na katako mai rumfa da inji a baya. Yana ɗibar iyalai da ƴan biki daga ƙarƙashin gadar Kennedy zuwa Bubon, su sha iska, su ga dorina, su dawo Yamai kafin magariba. Makewayinsa irin na jiragen teku ne, mai fanfon hannu a gefe, kuma da shi aka sayi jirgin. Tun ƙarshen damina fanfon ya yi tauri, sai mutum ya sa hannu biyu kafin ya danna shi, abin da aka tura kuwa ba ya jimawa sai ya komo cikin kwanon. Mata sun daina zama a kujerun baya saboda wari. Wasu ma sun gwammace su matse tun safe har a dawo, kuma wannan shi ya fi damuna: tsohuwa ta biya kuɗinta don ta huta, ta wuni ba ta shan ruwa saboda tsoron shiga bayi.

Tiyon mita 4 ne, ramin cikinsa milimita 38. Da muka shimfiɗa shi a gaɓa ya ƙi lanƙwasuwa, sai ƙas-ƙas yake yi. Muka yanka shi da zarto. Kusa da fanfo, ƙanzon da ya kama bangonsa ya kai kaurin milimita 5. A inda tiyon ya lotsa ƙarƙashin katakon daɓe kuwa, ramin da ya rage bai wuce milimita 20 ba. Ido zai ce rabin hanya ce ta toshe, amma daga 38 zuwa 20, filin da ruwa ke bi ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin uku.

Kawu ya ce a sayo asid a zuba a huta. Na ce, "Kawu, ruwa ba ya tsami banza. Ka ba ni shekara guda in gano abin da ke kawo shi, in ba haka ba baɗi war haka muna nan riƙe da zarto." Ya ce, "Kai ne malamin kimiyya, ɗana. Sharaɗina ɗaya, kada jirgi ya fasa tafiya ranar kasuwar Bubon." Kasuwar Laraba take ci. Mun sa wani guntun tiyo na wucin gadi, muka tashi a kan haka.

16 ga Nuwamba

Na kai gutsuren ƙanzon ɗakin gwaji na makarantar da nake koyarwa. Ashe ba abu guda ba ne, hawa-hawa ne: akwai fari mai tauri, akwai rawaya mai murmushewa a yatsa, ga kuma ja-ja yana ratsa tsakaninsu. Na ɗiga wa kowanne asid mai rauni. Farin ya yi ta kumfa, yadda dutsen Malbaza da ake siminti da shi yake yi in asid ya taɓa shi. Kalshiyom kabonat ke nan, irin wanda ke kama gindin butar shayi in da ruwan rijiya ake dafawa. Rawayan ya narke sannu a hankali ba wata kumfa, alamar gishirin fosfat, na kalshiyom da na maganiziyom. Jan bai narke ba sam, ya kwanta a gindin kwalba. Lakar kogi ce.

Ga yadda abin yake faruwa. Sabon fitsari yana da ɗan tsami, awonsa na pH wajen 6 (a wannan awo 7 ne tsaka-tsaki, ƙasa da shi tsami, sama da shi ɓangaren kanwa), kuma duk ma'adinan da ke cikinsa a narke suke. Babban mutum yana fitar da yuriya giram 20 zuwa 30 a yini. In fitsarin ya samu wuri ya kwanta, bakteriyar da ke zaune a bangon tiyo sai su farfasa yuriyar ta koma amoniya da kabonat, awon ya haura zuwa 9. Daga nan kalshiyom da maganiziyom da fosfat ba sa iya zama a narke, sai su fito su manne da bango. Bangon da ya yi kaushi kuma ya fi riƙe laka da bakteriya, sai hawa na biyu ya fi na farko saurin ginuwa. Warin nan mai hawa ido da hanci amoniyar ce, duk inda aka ji shi to ana ginin dutse a wurin. Na tsoma takardar awo cikin ruwan da ya rage a tsohon tiyon, ta nuna 9.

Abu uku ke nan suke haɗuwa: fitsari, da daɗewarsa a kwance, da ma'adinan ruwan da aka kora shi da shi. Zafi yana ƙara musu sauri. Na farko ba yadda za mu yi da shi. Na biyu da na uku suna hannunmu.

23 ga Nuwamba

Wani ɗan'uwanmu da ke aikin jiragen ruwa a tashar Lome ya turo saƙon murya mai tsawo. Ya ce su can dole ne, ko an yi hankali ko ba a yi ba sai tiyo ya yi dutse, maganinsu binegar duk mako. Gaskiyarsa, amma shi ruwan teku yake kora makewayi da shi, wanda kowace lita tana ɗauke da kalshiyom wajen miligiram 400 da maganiziyom wajen 1,300. Ruwan Isa ba haka yake ba. Ma'adinansa ƴan miligiram ne kaɗan, shi ya sa sabulu ke kumfa da sauri a hannun masu wanki a bakin kogi. Da ruwan kogi zalla aka kora makewayin nan, bai kamata farin hawan ya yi kaurin da na gani ba.

Na tambayi yaron jirgi. Ya ce tun da daɗewa hanyar da fanfo ke zuƙo ruwan kogi take toshewa da ciyawa da laka, don haka aka mayar da ita cikin tano, su kuma suna cika tanon daga wata rijiya kusa da inda muke ɗaure jirgi, tunda ruwanta garai-garai ne. Na ɗebo ruwan rijiyar da na kogi a kwalba biyu, na sa musu sabulu daidai wa daida, na girgiza. Na kogi ya cika da kumfa. Na rijiya ya yi fari-fari da ɗan dusa-dusa a sama, kumfa kaɗan. To, ga inda farin dutsen ya fito.

Fitsari yana da fosfat da kabonat fiye da kalshiyom da maganiziyom ɗin da za su haɗu da su. Duk ruwa mai nauyin da aka ƙara masa, kayan gini aka kawo masa. Daga yau an daina ɗibar ruwan rijiya don makewayi.

30 ga Nuwamba

Na wuni a kasuwar Katako ina neman tiyo da mahaɗai. Kowa ya ji abin da nake nema sai ya ba ni magani. Zan rubuta su a nan don wani mai jirgi zai ji irinsu.

Wani ya ce ruwan batir. Wannan asid ne mai ƙarfi ƙwarai, amma in ya haɗu da kalshiyom abin da yake bayarwa shi ne jifsom, wanda shi ma ba ya narkewa, sai ya lulluɓe dutsen ya tsaya. Ga cin roba, ga cin hannu. Wani dattijo ya ce kanwa ko toka, wani ya ce sodar da ake sabulu da ita. Waɗannan suna yanke maiƙo, amma ɓangarensu ɗaya da amoniyar da ta haifi dutsen, ƙara masa ƙarfi za su yi. Jabel kuma, wato ruwan bilic na wanke bayi da tufafi, ba ya narkar da dutse, yana cinye robobin fanfo, sannan in ya gamu da asid a cikin tiyo yana tayar da iskar kulorin, in ya gamu da tsohon fitsari ma yana tayar da wata iska mai guba. Makewayin jirgi ɗan akurki ne da ba ya da taga babba. Na roƙi Hajiya mai dafa wa fasinja abinci, wadda ita ke kula da tsaftar jirgin, ta fitar da jabel daga wurin gaba ɗaya. Ta ce, "Malam, to da me zan wanke?" Na ce sabulu da burushi, Hajiya, sun isa.

Saura binegar. Yana aiki, sai dai a san iyakarsa. Lita guda ta mai ƙarfin 8 cikin 100 tana ɗauke da asid giram 80, abin da za ta iya narkarwa kuwa wajen giram 65 ne kawai na dutse. Na auna tsohon tiyonmu da sabo mai tsawonsa, bambancin ya haura kilo 3. Sai an zuba fiye da lita 40 ke nan, kuma a ce kowane ɗigo ya yi aikinsa. Binegar na hana ƙanzo mai kaurin fatar albasa zama dutse ne. In ya riga ya zama dutse, a ciro tiyon a bubbuga shi a ƙasa, ko a sake sabo. Namu rana ta riga ta busar da shi, ya tsattsage, sai sabo.

14 ga Disamba

Muhawara ta ci mu mako biyu kafin a taɓa ƙusa.

Kowace mita ta tiyo mai milimita 38 tana cin ruwa lita 1 da ɗan ɗori. Takardar da kamfanin Jabsco ke bayarwa da irin wannan fanfo ta ce a buga sau 7 ga kowace mita don a kore abin da ke ciki. Tsohon tiyonmu ke nan yana son bugu 28 da ruwa lita 4 da rabi a kowace shiga. Ba fasinjan da zai yi haka. Mutum yana ganin kwano ya yi tsaf sai ya fita, alhali abin da ya bari bai je ko'ina ba, yana kwance a lotsawar nan ƙarƙashin ƙafafun mutane har washegari. Don haka na ce a kawo tanki kusa da makewayi.

Baba matuƙi, wanda Basarke ne daga wajen Gaya kuma ya girmi Kawu, ya ƙi. Ya ce, "Malam, tankin nan in ya cika kilo 200 ne. Ka ɗora shi a baya tare da inji da bidodin mai, gindin jirgi ya nutse, in ruwa ya ja baya mu riƙa shafar yashi da duwatsu. Kai alli ka sani, ni ruwa na sani." Maganarsa dutse ce. Na ce to a matso da makewayin tsakiya wajen tanki. Nan kuma Hajiya ta ce ba macen da za ta ratsa maza ta shiga bayi a tsakiyar jirgi ana kallonta. Ita ma ba ta faɗi ba daidai ba.

Inda muka tsaya: tanki ƙarami na roba mai lita 120 a bayan bangon makewayi, bidodin mai su koma gaba. Tiyo mai laushi ya tashi tsaye santimita 70 daga fanfo, daga can bututun PVC mai milimita 40 ya gangaro santimita 80 ya shiga tanki ta sama. PVC ɗin cikinsa sumul ne, wari ba ya ratsa shi, amma jirgin katako yana motsa jikinsa, don haka mun haɗa bakinsa biyu da guntayen tiyo mai laushi don kada ya tsage. A kwana mun sa gwiwa biyu masu digiri 45 a maimakon ɗaya mai 90. Ba lotsawa ko ɗaya. Bututun shan iskar tanki ma mun faɗaɗa shi, ya fita ta saman rumfa.

Yanzu inda ruwa ke iya tsayawa ɗaya ne, wato sashen da ya tashi tsaye, kuma bai cin lita guda. Aikin duka ya koma kan abu ɗaya: ruwan da zai kwana a wannan sashe ya zama ruwan kogi mai tsabta.

A gindin sashen na yanka guntu mai santimita 15 na mayar da shi da zoben ɗauri biyu. Shi ne shaidarmu. Ana ciro shi a leƙa a mayar cikin minti biyar, ba sai an wargaza komai ba.

21 ga Disamba

Robar da ke hana abu komowa baya, wadda ke bakin fanfo, ta ƙage da dutse har leɓɓanta ba sa haɗuwa. Ita ce sanadin komowar ruwa cikin kwano. Ba a samun irinta a Yamai, kuma tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya ta Lome da Burkina suke zagayowa, suna daɗewa a hanya. Na jiƙa tsohuwar a binegar na ɗan lokaci, na goge da tsohon burushin haƙori, ta koma aiki kafin sabuwa ta iso. Ba a barin ta kwana a ciki, roba kumbura take.

Mun maƙala allo a bango da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, da zanen hannu a kan fanfo da lamba 12, wato yawan bugun da za a yi.

18 ga Janairu, 2025

Allon bai yi aikin da na so ba. Masu karatu suna karantawa, amma hannu ya saba da buta: a yi tsarki, a watsa sauran ruwan a kwano, a fita. Wasu suna jin tsoron taɓa fanfon kada su ɓata. Mun canza tsari. Duk wanda ya fito, yaron jirgi ya shiga ya buga 12 da ruwa, sannan ya juya makunni ya buga kaɗan a bushe. In mace ce, Hajiya ke shiga. Kawu ya ƙara musu wani abu a kan ladansu, kuma ya kamata, don ba kowa zai yarda da wannan aiki ba.

Da yamma in an ɗaure jirgi, bokiti guda na ruwan kogi ake turawa. Ranar Alhamis, bayan gajiyar kasuwa, kofi biyu na binegar: a tura shi da bugu kaɗan ya tsaya a sashen tsaye, a ba shi minti 45, a kore da ruwa.

Na ciro shaida. Santsi kawai, yatsa ya share shi. Ruwan da ya kwana a ciki ya nuna 7.

22 ga Fabrairu

Ruwan da ke gangarowa daga ƙasar Gine ya cika kogi, sanyi bai gama tafiya ba, lokacin cinikin jirgi ke nan. Matsalar da na san za ta zo ta zo. Kowace shiga tana cin wajen lita 3 da rabi in an haɗa da ruwan buta, tankin ke nan na mutum 35 ne ko kusa da haka. Ranar Asabar da ta wuce ƴan rakiyar amarya suka cika shi tun muna Bubon.

Wani daga cikin manyan bikin ya ce a buɗe a zuba a kogi, ai ruwa mai gudu ne. Na ce masa, "Alhaji, ka yi haƙuri. Ruwan nan da ka gani yana gangarawa Gudel ne, inda ake ɗibar ruwan fanfon da za ka sha yau da dare." Tsakanin nan da can akwai mata masu wanki, akwai yara masu iyo, akwai masu lambu. Tsargiya ta haka take yawo: ƙwanta ya fita cikin fitsarin mai ita, ya faɗa ruwa, ya shiga katantanwa, ya fito ya huda fatar yaron da ke wanka. Duk malamin makaranta a ƙauyukan bakin kogi ya san yaran da ke fitsarin jini. Addini ma ya hana ɓata mashayar jama'a. Alhajin ya yi shiru, daga baya ya ce Allah ya ba mu haƙuri. Muka rufe makewayin, Baba ya tsaya da su a gaɓa.

Yaron jirgi ya kawo shawarar a rage bugu zuwa 6 don tanki ya daɗe. Na fahimce shi, shi ke ɗawainiyar kwashewa. Amma bugu 6 daidai yake da ajiye fitsari a sashen tsaye, a kan robar da muka sha wahalar gyarawa. Duk wahalar aikin nan a nan take: ruwa mai yawa yana hana dutse, yana kuma cika tanki. Mun sayi tano mai murfin dunƙule na lita 60 da ɗan fanfon hannu, a riƙa rage tanki a ciki in tafiya ta yi nauyi. A gaɓa kuma motar yashe masai ke zuwa ta zuƙe duka.

22 ga Maris

Azumi ne, jirgi na hutawa. Hutu ya fi aiki haɗari ga tiyo, don abin da ya rage a ciki bushewa yake ya ƙanƙame. Kafin mu ɗaure mun kwashe tanki, mun ɗauraye shi, mun yi binegar, mun kore, mun cika sashen tsaye da ruwa mai tsabta, muka rufe kwano da leda don kada ya ƙafe. Sandar fanfo na shafa mata man silikon da ɗan'uwanmu ya haɗo da sabuwar roba. Baƙin mai da giris na inji ba su dace da robobin nan ba, man gyaɗa kuma daskarewa yake ya kama datti.

3 ga Mayu

Zafi ya haura digiri 40 kusan kullum, cikin makewayi ya fi haka. An koma aiki bayan salla, kuma a karon farko shaida ta nuna wani abu: rawayan ƙanzo siriri, farce na kankare shi. Ruwan da ya kwana ya nuna 8 da ɗori. Tsarin bai canza ba, zafin ne ya sa bakteriya ke gama aikinsu cikin ƴan awoyi, tun kafin wankin yamma.

Na ƙara wanki ɗaya da azahar, lokacin da fasinja suka sauka cin abinci. Na kuma bar binegar na koma garin tsamin nan da masu haɗa lemu da zoɓo ke saye, wato asid sitirik. Giram 50 a lita guda ta ruwa, wajen babban cokali uku. Ya fi araha, ba ya da wari, kuma ƙulli ɗaya a aljihu ya isa, ba sai an yi dakon kwalabe ba. Kada a ce a ninka shi don ya yi sauri, in ya yi kauri da yawa shi ma yana barin farin gari. Hajiya ta ce me zai hana tsamiya, ga ta a kasuwa banza. Tsamin tsamiya in ya haɗu da kalshiyom gishirin da yake bayarwa ba ya narkewa sosai, ga zare da ɓawo. Ruwan lemun tsami da aka tace zai yi, tsadarsa ce kawai.

Abu biyu da ba na wasa da su a wankin tsami. Ba a toshe tiyo, don dutse in yana narkewa iska yake fitarwa, tana iya ɓalle mahaɗi ta watsa wa mutum a fuska. Kuma ba a tura tsami mai yawa cikin tanki mai ƙazanta, don yana tayar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke kashe masu shiga masai. In wanki babba ne, ina cire bakin bututu daga tanki in tara a bokiti, in zuba toka ko kanwa har kumfa ta tsaya, sannan ya bi motar yashewa. A nan kanwa ta samu aikinta.

14 ga Yuni

Kogi ya ja baya, tsibiran yashi sun fito har gaban gada. Baba yana ba yara labarin 1985, shekarar da Isa ya daina gudu a Yamai. Jirgi ba ya iya zuwa Bubon, mun ja shi gaɓa ana toshe masa kafofi. Na kwance fanfo gaba ɗaya. Cikinsa lafiya, sabuwar robar da muka sa a Maris tana da laushinta.

23 ga Agusta

Jan ruwa ya iso. Kogunan Sirba da Dargol da Goruwol suna kwararo lakar yankin Liptako, kogi ya koma kalar bulo. Yaron jirgi ya zo da maganar da na yi tsammani: "Malam, wannan ruwan ai ya fi abin da ake korawa datti. Mu koma rijiya mana, na wata biyu kawai." Na nuna masa gutsuren tsohon ƙanzon da nake ajiye da shi, farin hawa da jan hawa, na ce kowanne da mai shi. Rijiya ta ba da fari, damina ta ba da ja, mu ba ma son ko ɗaya. Laka ba ta zama dutse da kanta, amma tana maƙalewa a duk inda ya yi kaushi, yashinta kuma yana cin robar sandar fanfo.

Tano biyu muke amfani da su yanzu. A cika ɗaya da yamma ya kwana, da safe a tsiyaye na sama ta cikin ƙyalle zuwa tanon jirgi, a zubar da lakar gindi. Ba mu sa alif, kwanciyar dare ta isa ga ruwan kora. Ranar da aka yi ruwan sama kuwa, abin da ya zubo daga rumfa muke tara, wanda ya fi kowanne dacewa tunda kusan ba ma'adini a cikinsa. Hajiya ce ta kawo wannan dabara, da ta ga ruwan na zuba a banza ta gefen da take girki.

4 ga Oktoba

Shaida: ja-ja kaɗan a ƙasa, ya fita da wankin tsami ɗaya. Bututun PVC mai gangara na haska shi da tocila, ba komai. Gindin tanki ne ya tara wani rawayan yashi, kaurin yatsa. Dutsen da bai samu zama a tiyo ba ne ya je ya zube can, kuma can ɗin ba ya cutar da kowa muddin ana motsa shi da sanda kafin mota ta zuƙa, don kada ya daskare a bakin mafita.

8 ga Nuwamba

Kawu ya zo da kansa aka buɗe komai a gabansa. Na sa ma'auni a sashen tsaye, wuri uku: 38, 38, da 37 a gindi. Ya danna fanfo da yatsu biyu, ya ce madalla, sannan ya tambayi nawa muka kashe a garin tsami da motar yashewa. Na tsami ba wani abu ba ne. Na mota ne ya yi nauyi, don yanzu ruwan da ke shiga tanki ya fi na da yawa nesa ba kusa ba.

Saboda haka aiki na gaba shi ne raba fitsari da sauran. Yawancin masu shiga fitsari ne ke kai su, kuma kowannensu yana cinye lita 2 na ruwan kora. Ina son mu yi wurin tsuguno ƙarami a gefe, da bututu mai milimita 50, gajere, a tsaye, wanda ke faɗawa kai tsaye cikin bidon mai murfi, ba fanfo ba roba. Shi ma zai yi ƙanzo, amma bututun da bai kai kamu biyu ba ana zare shi a wanke a mayar. Manoma a wajen Agye da Maradi sun daɗe suna ajiye fitsari a bidon a rufe ya jima su yi takin ruwa da shi a gonar hatsi, kuma wani mai lambu a Saga ya ce zai karɓa in an ajiye masa shi wata shida a rufe, tunda na mutane da yawa ne. Kawu bai amince ba tukuna. Ya ce najasa ce, sai ya tambayi malaminsa hukuncin zuba ta a gona da ɗaukarta a jirgin da ake salla a cikinsa. Baba kuma yana son ya san a wane gefe bidon ɗin zai zauna kafin ya ce uffan.

Kafinta zai zo Asabar ya auna wurin. In faɗin bai kai santimita 60 ba, sai an matsar da bangon makewayi, kuma wannan zai ci kujera ɗaya daga na fasinja.